Famasi na zo karanta ko lilo da zare? Yayyena ku faɗa min gaskiya

'Yar Aji Biyu:
Assalamu alaikum malamaina da yayyena na wannan zaure. Ina da tambaya, kuma a yi min haƙuri idan ta fito kamar ƙorafi, don ƙorafin ne. Na haye aji ɗaya da ƙyar da siɗin goshi, yau sati shida ke nan da shigarmu aji biyu. Shekarar farko kaf ba wanda ya ambaci sunan magani ko ɗaya a gabanmu. Kemistiri, fiziks, bayoloji, lissafi, sai kwasa-kwasan gama-gari. Akwai ranar da muka yini a lab muna kaɗa ɗan ƙarfe ɗaure da zare muna ƙirga daƙiƙa. Na ce ba komai, a aji biyu za a fara. Sai ga anatomi, ga fiziyoloji, ga bayokemistiri, ga wata kemistirin da ta fi ta bara ɗaci.

Shekaranjiya Hajiyarmu ta miƙo min katin maganin hawan jininta, ta ce “ke mai karatun magani, wannan aikin me yake yi?” Wallahi na juya katin nan gaba da baya, ban sani ba. Yaron kemis ɗin layinmu ne ya faɗa mata. Har yanzu ƙannena tsokanata suke yi. Don Allah yaushe ake fara famasin?

Ɗan Aji Huɗu:
Wa alaikumus salam. Ƙanwata sannu, duk mun bi ta nan. Famakoloji, wato inda ake koyon yadda magani ke aiki a jiki, sai aji uku a yawancin makarantu. Ki daure. Amma ni ba zan yi miki daɗin baki ba, rabin abin da aka ba mu a aji ɗaya maimaicin sakandare ne. An tambaye ka kiredit a kemistiri da fiziks da bayoloji, ka rubuta su a JAMB, sannan a sake zaunar da kai shekara guda a kansu cikin ɗakin da na baya ba ya jin malami. Tankaɗe ne kawai, a rage yawanmu.

Mai Kemis:
Allah ya shi miki albarka da kika faɗi gaskiya. Ni shekarata 17 a shago. Shekara uku na yi a gaban ubangidana, ya sallame ni. Yau ki kawo min ƙwaya ba kwali, daga launinta zan faɗa miki sunanta da kamfaninta da kuɗinta. Ɗalibai nawa ke zuwa wurina lokacin hutu, ba su san bambancin Coartem da Fansidar ba. Aiki a hannu yake, ba a allo ba.

Anti Famasist:
Alhaji, sanin suna da farashi ba wanda zai ja da ku. Amma bari in tambaye ka abu ɗaya. Mutum ya sayi ja-da-yalo a wurinka, wato tetarasaikilin, ya fita ya kora da fura da nono. Me ya faru?

Mai Kemis:
An ce ba a haɗa su. Ni ma ina faɗa wa mutane.

Anti Famasist:
Madalla, an ce. Wannan yarinyar kuma ana so ta san dalili. Kalsiyam ɗin da ke cikin nono yana kama ƙwayar maganin ya ƙulle ta, su zama abin da hanji ba ya iya tsotsewa, sai ya wuce a banza. Wanda ya san dalilin ba sai an karanto masa jeri ba. Da kansa zai gane cewa ƙwayar ƙarin jini mai sinadarin ƙarfe za ta yi haka, farin maganin olsa mai magniziyam da alminiyam zai yi haka, kuma sifirofulokzasin ma tana da wannan matsalar. Wannan kuwa kemistirin aji ɗaya da biyu ce tsantsa, babin ƙarafa da yadda suke ɗaure wasu sinadarai, wanda na tabbata ana hamma a ajinsa.

Ƙanwata, in ba ki wani. Ina sabuwar fara aiki aka buɗe wata babbar roba ta asfirin a sito, sai wari mai tsami kamar binega ya bugo ni. Mai kula da siton ya ce ai kwanan wata bai ƙare ba. Gaskiyarsa, saura kusan shekara. Amma murfin bai rufu ba tun damina, laima ta shiga ta raba asfirin gida biyu, salisilik asid da asetik asid, na biyun shi ne mai warin. Mun zana wannan a allo a aji biyu, na haddace shi don jarrabawa kawai, sai ga shi hancina ya tuna min. Robar nan ba ta fita daga siton ba.

'Yar Aji Biyu:
Anti wallahi satin jiya aka yi mana wannan, rabuwar esta da ruwa. Ba wanda ya ce asfirin ne.

Ɗan Aji Huɗu:
Kin ji matsalar ke nan. Anti, ba ina cewa ilimin ba shi da amfani ba. Yadda ake ba da shi ne. Malamin bayokemistiri ya shigo ya cika allo da kibiyoyi, zagayen Krebs, gulaikolisis, hanyar fentos. Ka haddace, ka shiga jarrabawa ka zuba, ka fito kanka fayau. Sai a aji uku na gane ashe hanyar fentos ɗin nan ita ce sirrin G6PD, sinadarin da ke kare jan jini. Wanda ke da ƙarancin wannan sinadari, in aka ba shi firimakwin ko wasu magungunan salfa, jan jininsa na iya farfashewa, ido ya yi ɗorawa, fitsari ya yi duhu. Har ƙwallon kafur da iyayenmu ke sakawa cikin kayan jarirai yana iya jawo haka. Kuma abin yana da yawa a mazan ƙasar nan. Da a ranar farko an ce mana “yau za ku koyi abin da ke sa wani jariri shawara saboda kafur,” wa zai yi barci?

Malamin Lab:
Assalamu alaikum. Na daɗe ina karanta ku ban tanka ba. Ɗan Aji Huɗu, na karɓi rabin maganarka, kuma laifin namu ne. Galibi wanda ke koyar da ɗaliban famasi a aji ɗaya ba daga tsangayarsu yake ba. Aji ɗaya ne ya haɗa mai son likitanci da mai son aikin gona da mai son zama malamin kimiyya, misalin wa zai kawo? A aji biyu ma anatomi da fiziyoloji a wurin mutanen kwalejin likitanci ake ɗauka, su kuma hankalinsu na kan nasu ɗaliban.

Rabin da ban karɓa ba shi ne cewa tankaɗe ne kawai. Ku da kuke yara a 2008 ba lallai ku tuna ba. Maganin haƙoran jarirai mai suna My Pikin ya kashe yara 84 a ƙasar nan. Maganin da ke ciki farasitamol ne, ba shi ne ya yi kisan ba. Ruwan da ake narkar da shi ne. Maimakon furofilin gulaikol sai aka yi amfani da dayetilin gulaikol, wanda ake sakawa a man birki da makamantansa. Dukansu ruwa ne garai-garai mai ɗan kauri da ɗan zaƙi, ido ba ya raba su, harshe ba ya raba su. Amma na biyun in ya shiga hanta, sai ta mai da shi asid mai kashe ƙoda. A 2022 aka sake irin haka a Gambiya, yara kusan 70. Abin da ke raba ruwan nan biyu gwajin lab ne, kuma mai gwajin shi ne ɗalibin da ya koyi awo da haƙuri tun yana ɗiga ruwa daga biyuret, bututun gilashin awo, yana jiran launi ya juya.

Mai Kemis:
To Malam ai wannan ba a kemis aka haɗa shi ba. A kamfani aka yi, inda masu digirin suke.

Malamin Lab:
Gaskiya ne Alhaji, kuma ba ku na ɗora wa ba. Abin da nake nufi, yarinyar nan ba don ta tsaya bayan kanta kaɗai ake horar da ita ba. Gobe tana iya zama mai sa hannu a kamfani cewa wannan durom ɗin ya halatta a yi sirof da shi, ko ta zama a lab ɗin NAFDAC. Kai kana sayar da abin da wani ya ce lafiyayye ne. Ita ce wanin.

Baban Ɗaliba:
Ni ba ɗan boko ba ne sosai, 'yata ce ta saka ni a zauren nan, aji ɗaya take. Abin da nake lissafawa shekaru ne. An ce min biyar, sai shekara ɗaya ta sanin makamar aiki, sai bautar ƙasa. Bakwai ke nan. Yanzu kuma na ji wasu makarantun sun koma shida. In aka sake yajin aiki irin na 2022 mai wata takwas fa? Ba za a iya cire shekarar farkon nan ba tunda kun ce maimaici ce?

Anti Famasist:
Baba, haka lissafin yake. Mai biyar ɗin shi ne B.Pharm, mai shida PharmD, ƙarin shekarar ta fi karkata ga aiki a gefen gadon marar lafiya. Bayan sanin makamar aiki ma akwai jarrabawar PCN, hukumar da ke kula da aikin famasi, kafin lasisi. Wanda ya shigo da sakamakon IJMB mai kyau yana iya farawa daga aji biyu, amma ai shi ma ya yi waɗannan darussan ne a wani wuri. Ni a ganina shekarar farko tana daidaita yara ne. Wata ta fito daga makarantar da ke da lab, wata kuma ba ta taɓa riƙe fifet, bututun zuƙo ruwa a lab, ba sai ranar firaktikal ɗin WAEC. Ni ina cikin na biyun. Ranar farko da baki na zuƙi soda har ta taɓa min harshe.

Ɗan Aji Huɗu:
Anti na yarda da kemistiri. Fiziks fa? Lilon da ta faɗa fa? Shekara huɗu ban ga inda ya yi min rana ba.

Malamin Lab:
Lilon kansa ba zai dawo ba. Abin da aka so ka ɗauka shi ne ka auna abu sau biyar ka ga amsa biyar, ka san wacce za ka yarda da ita. Amma sauran fiziks ɗin ai kana cikinsa tsundum, suna ya canja. Me ya sa ake rubuta a girgiza kwalba kafin a sha? Garin magani yana kwantawa a ƙasa, kuma saurin kwanciyarsa ya danganta da girman ƙwayar garin da kaurin ruwan. Dokar Stokes ke nan. In ka rage girman ƙwayar da rabi, saurin ya koma kashi ɗaya cikin huɗu. Shi ya sa kuke shan wahalar niƙa a turmi a lab ɗin famasutiks, wato haɗa magani, kuke zuba ƙaro don ruwan ya yi kauri. Uwar da ba ta girgiza ba, cokulan farko ruwa ta ba yaro, na ƙarshe kuma ninki. Tukunyar kashe ƙwayoyin cuta da ke kai zafin maki 121 na minti 15, me ya hana ruwan tsayawa a 100? Matsin tururi. Logaridim da kuka tsana a lissafi, da shi ake gane awa nawa magani ke yi kafin rabinsa ya bar jini, daga nan ake yanke ko sau ɗaya za a sha ko sau uku.

Ɗan Aji Huɗu:
To a ba mu wannan fiziks ɗin tun farko mana, Malam, a bar mu da madubi da gilashin hange.

Malamin Lab:
Ka fito ka dawo ka koyar, mu gani.

Mai Shiru:
Ni dai wanda ya fi ba ni haushi famakognosi ne, wato ilimin magungunan da ake samu daga tsirrai. Mun baro gida don karatun zamani, sai ga mu muna zana ganye da saiwa muna leƙen garin sitaci a madubin ƙara girma. Abokaina na injiniya har Sarkin Bokaye suke ce min.

Anti Famasist:
Kai kuwa ka ce musu na gode. Maganin zazzaɓin da suke sha daga ina ya fito? Atimisinin daga wani ganye ne ɗan gidan su tazargade, 'yar Sin ɗin da ta jagoranci gano shi, Tu Youyou, ta karɓi kyautar Nobel a 2015. Kwinin daga ɓawon itacen sinkona, tun 1820 aka tace shi a Faransa. A nan gida ma cibiyar binciken magunguna ta NIPRD da ke Abuja ta haɗa maganin Niprisan don masu sikila, kuma cikin itatuwa huɗun da ke ciki akwai masoro da kanumfari da karan dafi. Filaskon da kakarka ke jiƙa wa mai taurin ciki yana cikin littafinku da sunan sena. Bambancinka da mai tallan magani a mota da lasifika shi ne kai za ka iya sa gari a ƙarƙashin madubi ka ce wannan an cakuɗa shi da garin rogo.

Ni kuma in za a tambaye ni wanda na raina na dawo ina cizon yatsa, anatomi ne. Na ce ni ba tiyata zan yi ba, ina ruwana da jijiyoyi. Sai da na ga wani yaro ɗan shekara biyar yana jan ƙafa, an yi masa allurar zazzaɓi a unguwa, aka soka a tsakiyar ɗuwawu aka sami babbar jijiyar da ke sauka ƙafa. Mahaifiyarsa tana ta cewa shan inna ce. Da mai allurar ya san a raba wurin gida huɗu a soka a na sama ta waje, da yaron nan yana ƙwallo.

Mai Kemis:
Hajiya na san inda kika dosa. Ni ba na allura a shagona.

Anti Famasist:
Allah ya ƙara tsarewa, Alhaji. Lasisinku ma bai ba da dama ba. Haka maganin hawan jinin da yaron kemis ya yi wa Hajiyar 'Yar Aji Biyu bayani, ba ya cikin jerin abin da aka yarda kemis ya ajiye, amma mu bar wannan don kada zaure ya watse.

Mai Kemis:
A garinmu babu famasi ko ɗaya, sai ka yi tafiyar awa guda. Ku fito ku zo ƙauye ku buɗe, mu ma mu huta.

Ɗan Aji Huɗu:
Nan kam Alhaji ya kama mu.

Malamin Lab:
Ya kama ku ƙwarai. 'Yar Aji Biyu, kina nan? Kin ce ba a fara famasi ba. Ga famasi, ki amsa ba tare da kin duba littafi ba. Na ɗaya: yaro mai kilo 12, farasitamol miligiram 15 a kowane kilo, kwalbar an rubuta miligiram 120 cikin mil 5. Mil nawa za ki ce wa uwar? Na biyu: ruwan gishiri na asibiti, kashi 0.9 cikin ɗari, ana son mil 500. Giram nawa na gishiri za ki auna?

Mai Kemis:
Na farkon cokali ɗaya ne.

Malamin Lab:
Cokalin wane gida, Alhaji? Na shayi ko na tuwo? Bari ta amsa.

'Yar Aji Biyu:
Ina nan Malam. Na farko: 12 sau 15 ya ba da 180. Kowane mil yana da miligiram 24. In raba 180 da 24, mil 7.5. Na biyu giram 45.

Malamin Lab:
Na farko daidai, kuma ki ba ta sirinji ko murfin awo, kada ki ce cokali. Na biyu ki sake dubawa. Abin da kika haɗa ya fi ruwan teku gishiri fiye da ninki biyu, kuma jijiyar mutum za a ɗura shi.

Ɗan Aji Huɗu:
Hhhh ɗigo ya ci mutum. Kada ki damu ƙanwata, a tes ɗinmu na farko na lissafin magani fiye da rabin aji ɗigon nan ya kayar. Malamarmu ba ta ba da rabin maki, ko hanyarka ta yi kyau in amsar ƙarshe ta kauce sifili ne. Mun yi ta zaginta a hostel. Ta ce gawa ba ta karɓar rabin maki.

Anti Famasist:
Ta yi daidai. Digokzin, maganin zuciya, da maikurogiram ake ba da shi, 250 shi ne miligiram 0.25. Wanda ya rubuta .25 ba sifili a gaba, ɗigon ya ɓace a takarda, kun ga abin da zai biyo baya. Har gobe in na ga haka a kati sai na tashi na je na sami likitan.

'Yar Aji Biyu:
Innalillahi. Na gano. 0.9 cikin ɗari yana nufin giram 0.9 a mil 100, ba a mil 10 ba. Mil 500 sau biyar ke nan, giram 4.5. Lita guda giram 9. Kunya ta kama ni wallahi, a gaban mutum sama da ɗari biyu.

Baban Ɗaliba:
'Yata ba kunya, ni ko tambayar ban gane ba. Na tura wa tawa ta gwada.

Mai Shiru:
Malam a ƙaro wata, amma ban da ganye.

Malamin Lab:
Kana da sifirit mai kashi 95, ana son mil 200 mai kashi 70 na goge fata kafin allura. Mil nawa za ka ɗiba? Kuma ka faɗa min me ya sa mai 70 ya fi mai 95 kashe ƙwayoyin cuta, wannan maikurobayolojin aji biyu ne. Ɗan Aji Huɗu kada ka sa baki. Zan duba bayan isha'i.

'Yar Aji Biyu:
Ni ma zan gwada. Anti, na ɗauki hoton katin maganin Hajiya, amlodifin ne miligiram 5. Gobe muna da fiziyolojin jijiyoyin jini, a wane babi zan neme shi?

Anti Famasist:
Ki karanta yadda kalsiyam ke shiga tsokar bangon jijiya ya sa ta matse. In kin gane wannan ki dawo ki faɗa min da kanki abin da ƙwayar ke yi. Kuma ki duba ƙafafun Hajiya ko suna ɗan kumbura da yamma, in suna yi a faɗa wa likitanta a ganin gaba.